Famfo mai ɗiga: littafin aikin rarrabe hargitsi da ƙuri'a

6 ga Janairu

Tambaya ɗaya aikin nan yake bi. An miƙo maka jerin lambobi dubu, suna hawa suna sauka, ido bai ga tsari ba. Ta yaya za ka gane ko wata ƙa'ida ce ke haifo su ɗaya bayan ɗaya, ko kuwa ƙuri'a aka jefa sau dubu? Kalmomi biyu za a riƙe har ƙarshe. Hargitsi shi ne motsin da ke bin ƙa'ida sau da ƙafa, halin da ake ciki yanzu shi kaɗai ke yanke na gaba, amma ɗan kuskuren da aka yi a mafari yana ta ninkuwa har hasashe ya gagara. Ƙuri'a kuwa ita ce inda sanin yanzu, komai zurfinsa, ba ya ƙara maka komai a kan abin da zai biyo.

Za a yi gwajin a wuri biyu: a kwamfuta, inda aka san amsa tun kafin a fara, sannan a kan famfo mai ɗiga, inda ba a sani ba. Famfon tsohon gwaji ne. Robert Shaw na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz ya wallafa aikinsa a kai a 1984, ya nuna cewa tazarar lokaci tsakanin ɗigo da ɗigo tana iya zama hargitsi na gaske. An zaɓe shi don arha, kuma ko ɗigo uku yake yi a sakan, kafin awa ta cika ya ba da lambobi dubu goma.

9 ga Janairu

Ma'aunin farko ƙa'idar nan ce da Robert May ya yi bayaninta a mujallar Nature a 1976, wajen nazarin yadda yawan halittu ke hawa da sauka daga shekara zuwa shekara: x na gaba = r × x × (1 − x), inda x ke nufin yawan halittun a ma'auni daga 0 zuwa 1, r kuma ƙarfin haihuwarsu. An sa r ya zama 4, aka fara da 0.2. Abin da ya fito: 0.64, 0.9216, 0.2890, 0.8219, 0.5854, 0.9708, 0.1133, 0.4020, 0.9616. Babu ƙuri'a ko ɗaya a ciki, kalkuleta ta aljihu ma za ta ba da wannan.

Sai aka sake farawa da 0.2000001. Bambancin ɗaya cikin miliyan goma ne. Bayan taki ɗaya ya ninku sau 2.4, bayan uku sau 9, bayan biyar sau 39. A taki na shida ya ja baya zuwa sau 27, domin x tana kusa da 0.5 a lokacin, inda ƙa'idar ke matse tazara. A na takwas ya kai sau 314. Ana cewa bambancin yana ninkuwa biyu a kowane taki, amma wannan matsakaici ne na dogon zango, kada a sa ran ganinsa a kowane layi. Wajen taki na 23 jerin biyu sun rabu, ba abin da ya haɗa su. Lissafin da ya fi muhimmanci a nan shi ne wannan: duk lamba ɗaya da ka ƙara a daidaiton awonka, taki 3.3 kacal take saya maka. Ka ninka ingancin na'urarka sau dubu, ka samu ƙarin taki goma.

Irin wannan ne ya faru da Edward Lorenz a jami'ar MIT ta Amurka a 1961, lokacin da ya sake shigar da 0.506 a maimakon 0.506127 cikin lissafin yanayi, sakamakon ya kama wata hanya dabam.

Kurakurai uku da aka ci karo da su yau. Farawa da 0.5 yana kai wa 1, daga nan 0, jerin ya mutu. Farawa da 0.25 yana kai wa 0.75 ya tsaya cak, don 0.75 kanta take haifarwa. Na uku ya fi ɓoyuwa: an rubuta ƙa'idar iri biyu, 4×x×(1−x) da 4×x − 4×x×x. A aljabara abu ɗaya ne. A kwamfuta, mai riƙe bit 53 (bit gurbi ne na 0 ko 1), wato kusan lamba 16, yadda ake datse wutsiyar lamba ya bambanta, kuma tsakanin taki na 50 da na 60 jerin biyu sun rabu. Saboda haka duk wanda zai maimaita gwajin sai ya rubuta ƙa'idar harafi da harafi yadda aka rubuta ta.

11 ga Janairu

Ana bukatar abokin gwami na ƙuri'a. Hanya mafi adalci ita ce a ɗauki lambobi dubun nan a cakuɗa su kamar karta. Lambobin su ne dai, jeruwarsu kawai aka lalata.

Ƙirga yawan faɗuwa a kowane gida ba ya raba su, kuma ba zai taɓa rabawa ba. Duka biyun suna da kusan kashi 20.5 cikin ɗari tsakanin 0 da 0.1, haka nan tsakanin 0.9 da 1, sai kashi 6.4 kacal tsakanin 0.4 da 0.5. Matsakaicinsu 0.5. Abin da ya fi haka ɗaure kai, awon dangantaka ta miƙaƙƙen layi tsakanin lamba da ta bayanta sifiri yake bayarwa a duka biyun idan r tana 4, nazarin Fourier, mai tsinke jeri zuwa igiyoyi masu maimaita kansu, shi ma shimfiɗe yake fitowa, ba igiyar da ta yi fice. Kayan aikin da aka saba koyarwa a ajin ƙididdiga duk sun ce ƙuri'a ce. Ba mamaki Stanislaw Ulam da John von Neumann suka kawo shawarar amfani da wannan ƙa'idar a 1947 don samar da lambobin ƙuri'a a na'ura.

Abin da ya raba su zane ne mai sauƙi. A sa kowace lamba a layin kwance, wadda ta biyo ta a layin tsaye, a yi tabo. Jerin asali ya zana ƙwarya a kife, siririn layi, ko tabo ɗaya bai kauce ba. Wanda aka cakuɗa ya bazu kamar an watsa gero a tabarma, ya fi taruwa a kusurwoyi huɗu. Wannan zanen shi za a riƙa kira zanen gaba-da-baya.

15 ga Janairu

An haɗa famfon. Kayan: bokitin roba mai faɗin santimita 30, robar ƙarin ruwa ta asibiti mai ɗigo 20 a mililita, Arduino Uno (ƙaramar na'urar lantarki da ake rubuta wa umarni), ƙwan LED ja da resisto mai ohm 220, da ƙwayar jin haske a ɗaya gefen, tazarar santimita 2 tsakaninsu. Bakin robar yana santimita 50 ƙasa da saman ruwa, hasken kuma santimita 5 ƙasa da bakin. Ɗigo mai mililita 0.05 faɗinsa wajen milimita 4.6 ne, kuma bayan faɗowar santimita 5 gudunsa ya kusa mita ɗaya a sakan, ke nan zai tare hasken na kimanin milisakan 5. Agogon micros() na Uno yana tafiya da takin mikrosakan 4, ya wadatar sosai. Ana kama lokacin ta ƙafa ta 2 ta Uno da katsewar gaggawa, wato na'urar ta bar komai ta rubuta lokacin nan take, a tura wa kwamfuta a gudun bit 115200 a sakan.

16 ga Janairu

Jerin farko bai da amfani. Bayan kowace doguwar tazara sai gajeriya ƙwarai ta biyo. Idan ɗigo ya tsinke, wuyan ruwan da ya bari yakan dunƙule ya zama ɗan ƙaramin ɗigo mai bin uwarsa, na'ura kuma tana ƙirga shi. An sa ta rufe ido na milisakan 15 bayan kowane ɗigo. Kada a wuce haka da yawa, don idan gudu ya ƙaru za a fara haɗiye ɗigo na gaske ba a sani ba.

21 ga Janairu

Matsala biyu, duka na lantarki.

Ta farko, tazarorin suna ɗan rawa ko da ɗigon yana tafiya a natse. Doguwar fitilar ɗakin ce. Wutarmu mai zagaye 50 ce a sakan, fitilar tana ƙyaftawa sau 100, wato kowane milisakan 10, kuma ƙwayar jin haske tana ganin abin da ido ba ya gani. Matakin da take cewa "ga ɗigo" sai ya riƙa hawa da sauka tare da fitilar. Idan aka koma janareto abin ya fi muni, don zagayensa ba ya tsayawa wuri ɗaya, ga kuma girgizar da yake aikowa ta ƙasa. An rufe wurin awon da kwali da aka shafa wa baƙin fenti a ciki, aka ɗora teburin a kan tsohon soso, aka kashe fanka. Daga yau batir kaɗai za a yi awo da shi.

Ta biyu, a doguwar ɗauka an samu tazara ɗaya mai ragi, lamba ƙatuwa ƙasa da sifiri. Agogon micros() yana cika ya koma sifiri bayan kimanin minti 71 da rabi, don bit 32 yake riƙewa. Idan aka yi ragin a cikin Arduino da nau'in lamba marar alamar ragi, abin yana gyara kansa. An yi shi ne a kwamfuta, shi ya sa. An mayar da shi ciki.

24 ga Janairu

Wannan ita ce matsalar da za ta fi cin lokaci, kuma ita ce ta fi yaudara. Zanen gaba-da-baya na safiyar yau ya ba da layi mai kyau, miƙe, daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu. Mai gaggawa zai ce ga ƙa'ida ta bayyana. Ba ita ba ce. Gudun ruwan ne ke sauyawa sannu a hankali, kowace tazara tana kusa da ta bayanta, tabon yana ta jan jiki a kan layin tsakiya. Alamar gane shi: a ba tabo launi bisa lokacin ɗauka. Idan launukan sun jeru, farko a wannan ƙarshe, na baya a wancan, zamewa ce. A hargitsi na gaske launukan cakuɗe suke a ko'ina cikin siffar.

Daga ina zamewar? Wuri uku. Saman ruwa yana sauka: ɗigo 10,000 rabin lita ne, a bokitin nan santimita 0.7, wato kashi 1.4 cikin ɗari na tsayin santimita 50. Da gorar ruwa mai faɗin santimita 8 aka yi amfani, da ya sauka santimita 10. Na biyu, maƙallin robar ƙarin ruwa: robar da aka matse tana ci gaba da lotsawa na tsawon lokaci, gudun yana canzawa ba wanda ya taɓa. Ma'aikatan jinya sun san wannan, shi ya sa suke komawa su duba. Na uku shi ne babba, zafi. Kaurin ruwa, wato yadda yake ƙin gudana, 1.00 ne a digiri 20, 0.80 a digiri 30. A siririn bututu wannan ƙarin gudu ne na kusan kashi 25 cikin ɗari. Ƙarfin fatar ruwa, mai riƙe ɗigo kafin ya tsinke, yana sauka kaɗan ne, daga 72.8 zuwa 71.2. A hunturu, ruwan da ya kwana a waje da asuba da wanda ya kai azahar kusan ruwa biyu ne dabam a wurin famfon nan.

Gyara: an cire maƙallin, an sa bawul na tagulla mai allura. An gwada kwalbar Mariotte, rufaffiya mai bututun iska, wadda ke riƙe matsi daidai, amma kowane kumfan iska da ya shiga yana bugun ruwan, bugun kuma yana fitowa a tazarori. An bar ta. Yanzu bokiti biyu ne, ƙaramin famfon tankin kifi yana ɗaga ruwa zuwa na sama, rarar tana malala ta wata kafa a gefe, saman ruwa ba ya motsi. Ruwan zai kwana a ɗakin, a tace shi, a rubuta zafinsa farko da ƙarshe. Ɗaukar da zafi ya motsa fiye da rabin digiri za a zubar da ita. Sabulu ko ɗis kada ya taɓa bokitin, yana karya ƙarfin fatar ruwa nan take.

28 ga Janairu

Kafin famfon ya daidaita, an koma kwamfuta don gina gwaji na biyu, gwajin hasashe, irin wanda George Sugihara da Robert May suka yi amfani da shi a 1990. A raba jeri biyu. Ga kowace lamba a rabi na biyu, a nemo wadda ta fi kusa da ita a rabi na farko, a ce abin da ya biyo waccan shi zai biyo wannan. A auna kuskure a taki ɗaya, biyu, uku, har ashirin.

Siffar kuskuren ita ce shaida. A jerin da aka cakuɗa, kuskuren 0.5 ne tun daga takin farko, kuma haka yake zama har na ashirin. A jerin hargitsi yana farawa kusa da sifiri, yana ninkuwa, sai wajen taki na goma ya kai 0.5 ya kwanta, idan taskar lambobi dubu ce. Da dubu goma, wajen taki na 13. Motsi mai maimaita kansa da aka yayyafa wa kuskuren awo shi kuma nasa kuskuren ƙarami ne, kuma ba ya girma. Siffa uku, abu uku.

An ƙara kuskuren awo don a ga inda gwajin zai mutu. Da 0.01, hasashe yana kai wa taki biyar ko shida. Da 0.05, uku da ƙyar, ƙwaryar kuma ta yi kauri amma ana gane ta. Akwai bambanci tsakanin kuskuren da aka ɗora bayan an gama lissafi da wanda aka zuba cikin ƙa'idar a kowane taki. Na biyun, idan r tana 4, yana tura x ta haura 1, daga nan ta faɗa ƙasa da sifiri ta gudu ba dawowa. An rage r zuwa 3.9 don a samu sarari. A kula wajen zaɓen r: hargitsi yana farawa daga 3.57, amma akwai tagogi a ciki, kamar 3.83, inda jerin ke komawa zagaye uku lafiya lau.

2 ga Fabrairu

Gwajin yau ya rage wa aikin girman kai. An ɗauki jerin 9 ga Janairu, aka rubuta 0 idan lamba ba ta kai 0.5 ba, 1 idan ta wuce: 0110111001. Idan r tana 4, wannan jerin ba shi da bambanci da jefa kwabo mai adalci, kuma wannan tabbataccen lissafi ne. Babu gwajin da zai raba su. Ƙa'idar tana nan, amma awon ya yi gwari har ya zubar da duk abin da ake bukata don ganinta.

Ta ɗaya gefen ma haka. Kwabon da ake jefawa dokokin Newton yake bi. Persi Diaconis da Susan Holmes da Richard Montgomery sun nuna a 2007 cewa kwabon da aka cafe a hannu yana faɗuwa kan fuskar da ya tashi da ita kusan sau 51 cikin 100. Muna kiransa ƙuri'a ne don babban yatsa ba ya maimaita bugu ɗaya. Lambobin ƙuri'a na manhajar Python kuwa daga Mersenne Twister suke, na Matsumoto da Nishimura, 1997, ƙa'ida tsantsa, wadda wanda ya ga fitarwa 624 a jere zai iya faɗin duk na gaba. Zanen gaba-da-baya mai layi biyu ba zai taɓa ganin haka ba. An gwada RANDU, tsohuwar ƙa'idar samar da lambobin ƙuri'a ta kamfanin IBM, mai ninkawa da 65539: a layi biyu gero ne a tabarma, a layi uku, idan aka juya zanen daidai, duk tabon sun kwanta a kan faifai 15.

Abin da wannan ke nufi ga famfon: gwajin yana iya cewa "ga ƙa'ida mai 'yan sassa kaɗan", amma ba ya iya cewa "babu ƙa'ida". Iyakacinsa ya ce ba a gan ta ba da wannan awon da wannan yawan lambobi. Eckmann da Ruelle sun sa wa abin iyaka a 1992: da lambobi dubu, duk girman siffar, wato yawan sassan da ake bukata don bayyana ta, da aka ce an auna sama da 6 ba shi da tushe, kuma a aikace ana fara shakka tun kafin nan. Shi ya sa iƙirarin gano hargitsi a farashin kasuwa daga 'yan ɗaruruwan lambobi bai cancanci a saurare shi da yawa ba. Yanayi kuwa hargitsi ne mai sassa marasa ƙirguwa, hasashen rana takamaimai ba ya wuce mako biyu, don haka hasashen damina irin wanda NiMet ke fitarwa duk shekara a karanta shi a matsayin rinjaye, kada a riƙe shi kamar alƙawarin rana.

7 ga Fabrairu

Ɗauka ta farko mai tsabta, zafi bai motsa ba. A gudu kaɗan, tabo ɗaya ne dunƙule, kowace tazara kamar ta baya. An buɗe bawul kaɗan kaɗan, ana jiran minti biyu bayan kowace taɓawa. Tabon ya rabu biyu, doguwa, gajeriya, doguwa, gajeriya, har kunne yana jin sa a kwano. Gaba kaɗan sai tabon suka miƙe suka zama lanƙwasasshen zare mai kauri, launukan lokaci cakuɗe a cikinsa. Kuskuren hasashe ƙarami ne a takin farko, yana hawa, ya kwanta.

Da daɗin gani, amma ba a rubuta "hargitsi" ba tukuna. Cakuɗa irin ta karta tana gwada abu ɗaya ne kawai, ko lambobin ba ruwan juna. Jerin ƙuri'a mai ɗan tuna baya shi ma zai ci wannan gwajin, kuma Osborne da Provenzale sun nuna tun 1989 cewa irinsa yana iya ba da siffar ƙarya mai kama da ta hargitsi. Maganin shi ne hanyar James Theiler da abokan aikinsa ta 1992: a tsinke jerin da Fourier, a bar ƙarfin kowace igiya yadda yake, a cakuɗa mafarinsu, a sake haɗawa. Abin da zai fito yana da duk dangantakar miƙaƙƙen layi ta asali, ba shi da ƙa'idar. Ana yin irinsu 19. Idan jerin gaske ya fi dukansu sauƙin hasashe, damar a ce dace ne ɗaya cikin ashirin ce. Kafin Fourier a datse jerin yadda farkonsa da ƙarshensa za su yi kusa da juna, in ba haka ba tsallen da ke tsakaninsu yana shiga kwafin ya ɓata su. Wajen neman maƙwabci kuma a hana ɗaukar wanda ke kusa a lokaci, an sa tazarar ɗigo 20.

12 ga Fabrairu

Jerin 7 ga wata ya fi kwafi 19 duka a taki ɗaya da biyu. Wannan ya kawar da ƙuri'a mai miƙaƙƙiyar dangantaka, bai kawar da zagaye biyu ko huɗu da girgiza ta dame ba. Kaurin zaren ne abin tuhuma. Ko dai daga na'ura yake, ko kuma tazara ɗaya ba ta isa ta bayyana halin famfon ba, tunda ragowar ruwan da ke lilo a baki yana ɗauke da labarin ɗigo biyu ko uku da suka wuce. Za a raba gardamar da zane mai layi uku, bisa hanyar Floris Takens ta 1981: idan zaren ya sirance da aka ƙara layi, na famfo ne, idan ya tsaya da kaurinsa, na awo ne.

Komawa wurin da aka samu zaren ya gagara jiya. Bawul ɗin yana da ɗan wasa a zarensa, kuma buɗewa zuwa wuri ba ɗaya ba ne da rufewa zuwa wurin. An daina dogara da alamar da ke jikinsa. Za a riƙa tara ruwan minti ɗaya a auna nauyinsa a sikeli mai gane giram 0.01, wannan nauyin shi ne sunan kowace ɗauka. Ƙaramin gyara kuma da tsayin bokiti za a yi shi, milimita biyar biyar, bawul na nan a kulle.

Saura bakin gilashi a maimakon na roba, don na roba yana jiƙewa ta gefe ɗaya, ɗigon yana karkata. Ɗauka ta gaba ɗigo 20,000, da asuba, kafin rana ta taɓa kwanon ɗakin.